Takardar kuɗin ruwa tana zuwa, ruwan ne ba ya zuwa

Duk wanda ya ce mutanen Zariya ba sa son biyan kuɗin ruwa, ko dai bai san garin ba, ko kuma da gangan yake faɗa don ya wanke masu laifi. Babu gidan da ba ya kashe kuɗi a kan ruwa a garin nan, kullum ta Allah. Muna biyan mai kura, muna biyan mai bohol, muna sayen ruwan leda don sha, mai hali kuma ya kira tanka ta cika masa tankinsa. Abin da muka ƙi, kuma za mu ci gaba da ƙi, shi ne a miƙo mana takardar bil a kan famfon da ko ɗigo bai yi ba, har a haɗa da barazanar za a yanke mana layi. A yanke me? Iskar da ke cikin bututun?

A layinmu, in an ga dama an sako ruwa, sai dare ya raba. Famfo ya fara huci yana tari, matan gida su farka a firgice, a tashi yara, a jera bokitai da robobi da tukwane. Na farkon da zai fito ja ne wur, ga tsatsa ga laka, sai an zubar. Kafin a cika randa ɗaya ya fara tsiyaya kamar zare, kafin kiran assalatu ya ɗauke. Gidajen da ke kan tudu ko wannan ba sa gani, domin masu kuɗin da ke gangare sun ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan bututu, su zuƙe ɗan abin da ya zo su kai tankinsu na sama. Amma in wata ya ƙare, takarda iri ɗaya ce za a ba wanda ya cika tanki da wanda bai ga komai ba, saboda kuɗin na ƙiyasi ne, babu mita.

Kwanakin baya yaron da ke raba takardun ya tsaya a ƙofar wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Ta leƙo ta ce masa, "Ɗan nan, shigo ka murɗa famfon nan da hannunka. In ya kawo, wallahi yanzu zan kwance bakin zani in biya ka." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ni ma aiko ni aka yi. Mu ma a gidanmu a kura muke saye." Ban ga laifin yaron ba. Laifin na waɗanda suka aiko shi ne, suna zaune a ofis suna lissafa bashin da suke bin mutane, ba su taɓa lissafa ruwan da mutane ke bin su ba.

Bari mu yi lissafin da ba sa son a yi. Jarkar da 'yan garuwa ke turowa lita 25 take ci. Masu gidan ruwa da lita 1,000 suke awo, wato jarka 40. A ce jarka naira 100 ce, kuma kowa ya san da bazara tana wuce haka a unguwanni da yawa, to talaka yana sayen lita 1,000 a kan naira 4,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ɗauki mafi ƙaranci, gidan mutum goma zai buƙaci jarka 20 kowace rana, naira 2,000 ke nan, naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wa zai iya? Shi ya sa ake ƙuntatawa, a yi wa yara wanka da rabin bokiti, ruwan ɗaurayar kaya a wanke banɗaki da shi, a tara wanki sai Juma'a. Mutumin da yake wannan wahala, kana tsammanin zai ƙi biyan kuɗin famfo in famfon yana kawowa? Da gudu zai biya, domin ko an ninka kuɗin ba zai kai rabin abin da kura ke ci masa ba.

Ni ba na cikin masu cewa ruwa kyautar Allah ne, don haka bai kamata a biya ba. Ruwan da ke kwance a kogin Galma kyautar Allah ne, gaskiya. Amma ɗauko shi, da zuba masa alif ya kwantar da laka, da tace shi, da sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, da tura shi da manyan injuna ya hau tankunan da ke kan tudu, duk kuɗi ne. Ga albashin ma'aikata, ga gyaran bututu. Kuma kuɗin nan sun tashi. Darajar naira ta faɗi daga 2023, kayan gyara da magungunan tace ruwa suka yi tsada. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko, wato Band A, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Gidan ruwan da ke jiran sai gwamnati ta tuna da shi kafin ya sayi buhun alif, ba zai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Hanyar da take da hankali ita ce wanda ya sha ruwa ya biya gwargwadon abin da ya sha, kuɗin kuma su koma cikin aikin ruwan. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma fa sharaɗin a fili yake: wanda ya sha. Ba wanda aka yi wa alkawari ba.

Alkawari kuwa mun sha shi har ya ginshe mu. Tun 1939 Zariya take da gidan ruwa, aka ƙara wani a 1975, gari ya yi ta girma ya bar su a baya. A 2008, zamanin Namadi Sambo yana gwamna, aka ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa mai tace lita miliyan 150 a rana. Gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Galma a Kuzuntu cikin ƙaramar hukumar Kubau. Aka ciwo bashi daga Bankin Raya Ƙasashen Afirka da Bankin Musulunci don manyan bututu da tankuna da layukan cikin unguwanni. Aka buɗe matatar a 2017, a 2019 Shugaba Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da kashi na biyu. Aka ce ba Zariya da Sabon Gari kaɗai ba, har Giwa da Kudan da Makarfi da Soba za su sha. Lita miliyan 150 jarka miliyan 6 ce a kowace rana. In aka ba kowa lita 50, ta ishi mutum miliyan 3. To ina ruwan? Tambayar ke nan da ake yi daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, daga Muchiya zuwa cikin birni, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa gabanmu ya amsa ta da alƙaluma.

Ga yadda abin yake juyawa, kuma kowa ya gani. Ruwa ba ya zuwa, mutane su daina biya. An daina biya, babu kuɗin wuta da man janareta da alif. Babu waɗannan, injuna su tsaya, ɗan ruwan da ake samu ya ƙara raguwa, masu biyan su ƙara raguwa. Sai a fito a rediyo a ce jama'a ba sa ba da haɗin kai. Ranka ya daɗe, wa ya kamata ya fara motsi, gwamnatin da ke da kasafin kuɗi ko bazawarar da ke tuya ƙosai a bakin titi? Babu ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin wata shida a hannun mutane ya ce su jira, in kuɗin sun taru zai je ya saro kaya. Gwamnati ta zuba kuɗin da za a kunna injuna, ruwa ya gudana a kan jadawalin da kowa ya sani, ko da kwana uku ne a mako, sannan a zo karɓar kuɗi a ga ko za mu ɓuya.

Kuma kafin a matsa wa talaka, a buga mana wasu abubuwa a fili. Nawa ake tarawa a shiyyar Zariya kowane wata, nawa ake kashewa, a kan me? Ma'aikatun gwamnati da barikoki da manyan makarantu da otal-otal da masu gidajen wankin mota da masu buga bulo, nawa aka rubuta musu, nawa suka biya? Daga ruwan da ke fita daga matata, nawa ne ke isa famfon mutane, nawa ke malala a titi? Wannan na ƙarshen yana ci mini rai ƙwarai. Akwai wani wuri a hanyarmu ta zuwa kasuwa da masu aikin titi suka fasa bututu suka binne suka tafi. Duk ranar da aka sako ruwa, sai ka ga yana ɓulɓulowa daga gefen kwalta, har ciyawa ta yi kore shar a wurin da rani tsaka, 'yan acaɓa suna wanke babura. Ruwan nan an sa masa alif, an sa masa kulorin, an biya kuɗin wutar da ta turo shi. Mun kai ƙara ofis, aka ce za a turo ma'aikata. Shiru kake ji. Kuɗin wannan asara, a kan wa za a ɗora? A kanmu, a cikin bil ɗin ƙiyasi.

Mita ita ce maganin rigimar nan, kuma ba sabon abu ba ne. Wanda ya sha kaɗan ya biya kaɗan. A sa farashi mai sauƙi a kan adadin farko da kowane gida ke buƙata don rayuwa, abin da ya haura nan farashinsa ya ɗaga, mai ban ruwan fulawa da mai wanke motoci uku su biya nasu. Sai dai a lura da gidajenmu na gado a cikin birni, inda iyali biyar ko shida ke shan famfo ɗaya. In aka auna su da ma'aunin gidan mutum ɗaya, talakawa ne za su faɗa farashin masu kuɗi. Unguwar da ba a kai wa layi ba a yi mata famfon tsaye mai farashi sananne. Su kansu 'yan garuwa, da za a ba su wurin ɗiba da araha, da jarka ta sauko. Ba su ne abokan gabarmu ba, su ne ma suka riƙe garin. Bashin bankuna kuwa, na gina dam da matata, wannan na gwamnati ne, ta biya daga haraji da kason da take karɓowa daga Abuja. Kada wani ya lallaɓo ya cusa mana shi cikin kuɗin wata.

Masu cewa kowa ya haƙa bohol ya huta, su dubi dutsen Kufena. Irin wannan dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin garin, ruwan ƙasa a tsagoginsa yake maƙalewa, shi ya sa wani zai kashe miliyoyi ya haƙa ya tashi da ɗan tsiyaye, rijiyoyi kuma su ƙafe tun watan Maris. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai bohol da ke tayar da janareta ya ƙara kuɗi, mai kura ya ƙara, mu muka ɗauka.

Ɗaya ɓangaren da ba a ma son ambata shi ne ruwan da ya fita daga gida. A Ingila da Amurka takardar kuɗin ruwa kashi biyu take: na ruwan da ya shigo, da na kwashe ƙazantar da ta fita ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa inda ake tace ta. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da gida ya yi amfani da shi yana komawa ruwan datti. Mu a unguwanninmu babu wannan bututu. Masai ne da sokawe da kwata. Masai ya cika, maigida ya nemo masu kwashewa ya biya daga aljihunsa, kuma ba ya tambayar inda za a juye. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi lungu, ya haɗu da leda ya toshe lambatu, ya kwanta ya yi baƙi, sauro ya samu gida. Abin tsoron shi ne ƙananan bututun ruwan sha da aka ja wa gidaje, da yawa ta cikin kwatar nan suka ratsa, wasu an ɗaure inda suka tsage da robar tayar keke. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi yana tunkuɗa datti waje. Wanda ya yini babu komai a cikinsa kuwa zuƙo ruwan kwata yake ta tsagar, ranar da aka sako ruwa ya kawo maka shi har cikin randa. Wato yankewar ruwan da kanta hanyar cuta ce. A 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a Arewa, kuma taifot ba ta taɓa barin gidajenmu ba. Kuɗin asibiti da na ƙarin ruwa a jijiya su ma kuɗin ruwa ne da muke biya, sai dai babu mai rubuta su a takarda.

Aikin da aka ciwo bashi dominsa har da tsaftar muhalli a cikin sunansa. Don haka kafin wani ya yi tunanin ƙara mana kuɗin magudana a cikin bil, ya fara nuna mana filin da aka ware wa motocin kwashe masai su riƙa juyewa nesa da kogunan Kubanni da Galma, ya kuma gaya mana ranar da za a ciro bututun ruwan sha daga cikin kwata.