Ƙyallayen Teloli Na Toshe Kwalbati, Masaƙa Na Kukan Tsadar Zare

Duk wanda ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san abin da ke jibge a ƙarƙashin keke: ƙyallayen shadda da atamfa da yadi, wani kamar tafin hannu, wani ya kusa kamu guda. Da asuba yaron shago zai share ya cusa a buhu, daga nan sai bola, ko kwalbati, ko a cinna musu wuta a bayan layi. Shaddar da aka zuba dubban naira aka yanko a Kantin Kwari, guntunta ne damina ke tararwa ya toshe magudanar ruwa.

Abin yana ci mini rai, domin a Kano ake yin haka, garin da rini da saƙa suka ɗaukaka sunansa. Marinar Ƙofar Mata tana nan tun 1498, amma ramukanta da dama sun bushe. Masaƙan hannu sun ragu, waɗanda suka rage kuma tsadar zare ta hana su sakat. Manyan masaƙun Kaduna, da aka fara kafawa a 1957, sun daɗe da durƙushewa. Ga kayan aiki ana ƙonawa, ga masu aiki na zaune, ba wanda ya haɗa su.

Wasu sun riga sun gwada. A Ibadan, Adejoke Lasisi, wadda ta taso a gidan masaƙa, tana saƙa ledar fiyawata da ragowar yadi ta fitar da jakunkuna da takalma. Nkwo Onwuka kuwa, mai zayyana tufafi, tana tsaga yadin jins siri-siri ta harhaɗa shi ya zama sabon yadi da ta kira Dakala, har ya kai dandalin nunin tufafi na ƙetare. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. A ware ƙyallen, a wanke, a tsaga shi tsawo-tsawo, a ɗaura shi a ƙoshiya a madadin abawa, wato zaren kwance, zaren tsaye ya riƙe shi. Abin da zai fito ya fi gwado kauri, ya dace da darduma da matashin kai da jakar makaranta.

Inda aikin ke tsayawa ko ya faɗi shi ne wajen warewa. In za a rina ƙyallen, baba, wato shunin marina, yana kama auduga, ba ya kama yadin roba. In ka tsoma farar shadda ta auduga a marina, ka fito da ita iska ta buge ta, a gaban idonka za ta tashi daga kore ta koma shuɗi. Yadin roba ko ya kwana a ramin, da an ɗauraye sai launin ya bi ruwa. Don haka buhu biyu ake buƙata a kowane shago, kuma tela ba zai yi wannan wahalar a banza ba. 'Yan jari-bola sun nuna mana hanya: tun da aka sa wa ƙarfe farashi a kan kilo, ko ƙusa ba ta kwana a titi.

Akwai teloli masu tsoron Allah da za su ce ƙyallen ai ba nasu ba ne, na mai ɗinki ne. Gaskiyarsu. Amma tambaya ɗaya ce lokacin karɓar ɗinki: "Hajiya, ragowar za ki tafi da ita ko kin bar mana?" Masu ƙyamar abin da suke kira kayan tsumma kuma su sani cewa ƙyallen tela sabo ne dal, bai taɓa hawa jikin kowa ba.

Gwanjo daban ne, kada a cakuɗa. Gidauniyar Or, mai fafutukar rage sharar tufafi a Ghana, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne ke shiga kasuwar Kantamanto ta Accra duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a shara suke ƙarewa, akasarinsu marasa ƙwari da aka ɗinka don a sa sau kaɗan a yar. Babu adadin masaƙan da za su iya lamushe wannan. Kamfanonin da suka ƙera su ne ya kamata su biya kuɗin kwashe su, ba su ɗauki hoton jakar ƙyalle guda su ce sun wanke kansu ba.

Fargabata ɗaya ce: kada mai zayyana ya sayar da riga da tsadar gaske a Legas ko Paris, shi kuma tsohon da ya yini a zaune yana wurga ƙoshiya a sallame shi da kuɗin cefane, ko sunansa ba a ambata ba. Ƙungiyoyin teloli da na masaƙa da marina su zauna tun yanzu su yanke farashin kilo da ladan kowane kamu, a kuma ɗinka sunan masaƙi da garinsa a jikin kayan. Kasuwar farko ma tana gida, domin babu ɗakin amaryar da ake jerawa ba darduma da matasan kai.