Ɗan dakon da ke kai baƙi gindin Everest ya cancanci fiye da abin da ake ba shi

Sau biyu a shekara, daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Oktoba da Nuwamba, ƙananan jirage suna ta sauke baƙi a Lukla, wani ƙauye da ke rataye a jikin dutse a arewa maso gabashin Nepal. Mafi yawan baƙin nan ba su zo hawa ƙololuwar Everest ba. Burinsu su taka da ƙafa har gindin tsaunin, sansanin da masu hawa ke kafa tantunansu, mita 5,364 sama da teku, su ɗauki hoto su juyo. Kamfanoni suna sayar da tafiyar a dunƙule: jirgi, masauki, abinci, ja-gora da ɗan dako, kwana 12 zuwa 14, kimanin kilomita 130 zuwa da dawowa. Kafin annobar korona, baƙin da ke shiga wannan yanki na Khumbu sun haura 50,000 a shekara.

Ra'ayina a kan wannan kasuwa shi ne ta yi wa mutanen Khumbu rana, kuma ba na cikin masu cewa a daina zuwa. Sai dai rahusar da ake yi wa baƙo akwai wanda ke biyanta da wuyansa da huhunsa, kuma shi ne mutumin da ba a cika ganin fuskarsa a tallar kamfanoni ba.

Alherin a fili yake. Kakannin Sherpa, mutanen Khumbu, sun ƙetaro daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce, suka zauna a ƙasar da ba ta ba da amfani sai dankali da sha'ir da ɗan abin da ba a rasa ba. Suna kiwon yak, wasu shanun tsauni masu yawan gashi, suna fataucin gishiri da ulu ta mashigar Nangpa La, har ikon Sin ya kafu a Tibet a shekarun 1950, fataucin ya durƙushe. A daidai lokacin ne wata ƙofa ta buɗe. Ranar 29 ga Mayun 1953 Tenzing Norgay da Edmund Hillary suka zama na farko da suka hau ƙololuwar Everest, duniya ta juyo da fuskarta ga Khumbu. Hillary ya yi abin da ba kowane baƙo ke yi ba, ya koma ya zauna da mutane ya ji buƙatarsu. Aka gina makarantar Khumjung a 1961, filin jirgin Lukla a 1964, asibitin Khunde a 1966. Jikokin makiyaya da fatake yau su ne masu gidajen baƙi a Namche Bazaar, a cikinsu akwai likitoci da matuƙa jirgi da masu kamfanonin hawan tsauni, kuma Khumbu na cikin yankunan karkarar Nepal da suka fi samun rufin asiri. Duk wanda ya ce yawon buɗe ido bai kawo komai ba sai shara da cunkoso, bai yi wa tarihin wurin adalci ba.

Wannan ci gaban ne kuma ya sauya wanda ke ɗaukar kaya. Baƙo yana kiran duk wanda ya gani da kaya a baya Sherpa, alhali Sherpa ƙabila ce mai harshenta da addininta na Buddha, kuma 'ya'yanta da yawa sun wuce matakin dako, sun zama ja-gorori da masu masauki. Yawancin 'yan dakon da ke kan hanyar yau 'yan ƙabilun Rai da Tamang ne da wasunsu, manoma daga ƙauyukan da ke ƙasa, inda ake noman gero da masara a kan tudu. Suna hawowa ne a lokacin kakar baƙi don neman kuɗin makarantar yara da biyan bashi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Jikin Sherpa, kamar na mutanen Tibet, ya gaji jure ƙarancin iska tun kaka da kakanni. Manomin da ya taso a kwari bai gaji wannan ba. Ciwon tsauni yana kama shi kamar yadda yake kama Bature ko Ba'indiye, ga shi kuma da kaya a baya, ga tufafin da ba su kai na baƙo ba.

Daga Lukla zuwa sama babu hanyar mota. Duk abin da baƙo zai ci ko ya kwanta a kai, daga shinkafa da tukunyar gas zuwa katako da gilashin taga, ko dai ya hau bayan dabba, ko jirgi mai saukar ungulu, ko bayan mutum. Har nama ma daga ƙasa ake ɗauko shi, domin Sherpa ba sa yanka dabba a yankinsu. Ɗan dako yana ɗaura kayan ne da wata igiya mai faɗi da suke kira namlo, ya rataya ta a goshi, nauyin ya sauka a wuya da ƙashin baya. Yana tafe a sunkuye, idonsa a ƙasa, riƙe da gajeren sanda mai kai kamar harafin T. In ya gaji ba ya sauke kaya, sai ya tokare ƙasan kwandon da sandan, ya tsaya a tsaye ya ja numfashi na ɗan lokaci, ya ci gaba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2005 ya auna 'yan dakon da ke hawa zuwa kasuwar Namche, ya gano cewa matsakaicin kayan da maza ke ɗauka ya kai kashi 93 cikin ɗari na nauyin jikinsu. Waɗannan masu dakon hajar 'yan kasuwa ne, ana biyansu gwargwadon kilo. Masu dakon baƙi an ce kada kayansu su wuce kilo 30, amma abu ne sananne a hanyar cewa ana haɗa jakunkunan mutum biyu ko fiye a ɗaura wa mutum ɗaya, shi ma wani lokaci da yardarsa, saboda ƙarin kaya ƙarin kuɗi ne.

Ladan yini yana kamawa wajen dala 20. A ƙauyen da ya fito kuɗi ne mai auki. Matsalar ita ce sau da yawa daga cikin kuɗin nan zai ci abinci, kuma farashin farantin dal bhat, shinkafa da miyar wake da kowa ke ci a hanyar, yana hawa ne tare da hawan dutse, tunda shi ma wani ne ya ɗauko shi a baya. Da yamma baƙi suna zagaye murhun da ake hurawa da busasshen kashin yak a zauren masauki, 'yan dako kuwa galibi suna can a wani ɗaki daban, a cunkushe. Shi ya sa abin da zai koma da shi gida yakan dogara ne a kan kyautar da baƙo ya ga dama ya bayar a ranar rabuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda bai taɓa barin ƙasa mai shimfiɗa ba zai yi wuya ya gane abin da tsayi ke yi wa jiki. Lukla, inda ake fara tafiyar, tana kan mita 2,860, wato ta fi Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya, wanda ke da mita 2,419. Namche tana kan 3,440, gidan ibadar Tengboche ya haura 3,800, Dingboche 4,410, Gorak Shep, zango na ƙarshe, ya haura 5,100. A sansanin gindin tsaunin, iskar da ke shiga jini a kowane numfashi kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Ciwon yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. In aka yi kunnen ƙashi aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa cikin sa'o'i. Ƙa'idar likitoci ba ta da wuya: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a riƙa tsayawa ana hutawa bayan 'yan kwanaki, wanda kuma alamu suka tsananta gare shi a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Saboda haka ne tsarin tafiya na kirki ke sa kwana biyu a Namche, biyu a Dingboche. Likitocin ƙungiyar agaji ta Himalayan Rescue Association, wadda aka kafa a 1973, suna maimaita wannan karatu ga matafiya a asibitinsu na Pheriche duk kakar baƙi.

To kamfanin da ke son ya karya farashi ina zai rage? Kuɗin jirgi ba ya hannunsa, kuɗin shiga Sagarmatha, gandun dajin gwamnati da Everest ke cikinsa, ba ya hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne ya yanke kwanakin hutu, ya rage yawan 'yan dako, ya ƙi saya musu inshora da rigar sanyi da takalmi. Baƙo in ya faɗi, inshorarsa za ta kira jirgi mai saukar ungulu ya kai shi Katmandu. Abin ma har ya zama hanyar cin kuɗi: a 2018 wani binciken gwamnatin Nepal ya bankaɗo yadda wasu kamfanonin tafiya da na jirage da asibitoci ke haɗa baki suna kwashe baƙin da ba su kai a kwashe su ba, don a tatsi kamfanonin inshora. Ana ɗauke mai ɗan ciwon kai a jirgi saboda akwai mai biya, a dutse ɗaya kuma ɗan dako mai ruwa a huhu yana iya saukowa da ƙafarsa. A 1997 wani matashin ɗan dako ya kamu da ciwon tsauni a yankin Annapurna, aka biya shi haƙƙinsa aka sallame shi ya sauka shi kaɗai, ya mutu a hanya. Mutuwarsa ce ta sa wani likita, Jim Duff, ya kafa ƙungiyar kare 'yan dako ta IPPG. An samu sauƙi tun daga lokacin, an gina matsugunai, akwai wuraren aron tufafi, kamfanoni da dama sun gyara. Amma har yanzu lafiyar ɗan dako ta fi dogara ga halin wanda ya ɗauke shi aiki fiye da dokar da ake tsoro.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa ba wanda ya tilasta musu, su ne suke layi a Lukla suna neman kaya, kuma in aka tsananta sharuɗɗa tafiyar za ta yi tsada, baƙi su ragu, aikin ya tafi. Gaskiya ne cewa zaɓin da ke gaban matashin ƙauyen Nepal ba shi da daɗi. In bai yi dako ba, hanyar da ta rage ita ce aikin ƙarfi a Katar ko Saudiyya ko Malesiya, kuma kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Dako aƙalla yana barin mutum ya koma gonarsa da damina. Na yarda da wannan duka. Inda na rabu da masu hujjar shi ne lissafi. Wanda ya sayi tikitin jirgi daga London ko New York, ya sayi takalmi da jakar barci na ɗaruruwan daloli, ba ƙarin kuɗin abinci da inshorar mutum ɗaya na mako biyu ne zai hana shi zuwa ba. Kuma Everest ɗaya ne a duniya. Rashin zaɓin ɗan dako dalili ne na a kare shi, tunda shi ba ya da bakin da zai ce a'a.

Masu aikin ƙololuwa sun nuna cewa abu na canzawa in an yi magana da murya ɗaya. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto a gangaren ƙanƙarar Khumbu, hanyar da masu hawa ke bi sama da sansanin, ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16. Gwamnati ta fara da tayin rupi 40,000 ga kowane gida, kimanin dala 400. Abokan aikinsu suka ajiye aiki, kakar hawan shekarar ta watse, aka ƙara kuɗin inshorarsu. Su ƙwararru ne, an san sunayensu, irin su Kami Rita Sherpa da ya hau ƙololuwar sau 31 ya zuwa Mayun 2025, kuma ba a iya hawa ba tare da su ba. Ɗan dakon hanya ba shi da wannan ƙarfi. In ya ƙi, akwai wani a bayansa.

Saboda haka nauyin yana kan ɓangare biyu. Gwamnatin Nepal ta iya karɓar kuɗi: daga Satumbar 2025 lasisin hawa Everest a kakar bazara ya tashi daga dala 11,000 zuwa 15,000, kuma kowane mai tafiyar ƙafa yana biyan kuɗin gandun daji da na ƙaramar hukumar Khumbu Pasang Lhamu. Akwai shingen duba takardu a Monjo, ƙofar gandun, inda duk baƙo ke tsayawa. Hukumar da ke iya duba takardar kowane baƙo a wurin tana iya rataya sikeli ta auna kowane kaya, ta kuma nemi shaidar inshorar wanda ke ɗauke da shi. Wannan ba ya bukatar sabuwar ma'aikata, niyya yake bukata.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai biya. Kafin ya tambayi kamfani nawa ne, ya tambaya kilo nawa ɗan dako zai ɗauka, wa zai biya abincinsa da makwancinsa, ko yana da inshorar da ta haɗa da kwashewa a jirgi, da kuma abin da ake yi in ya kwanta ciwo a Lobuche, zangon da ke kafin Gorak Shep: a haɗa shi da mai rakiya a ci gaba da biyansa, ko a sallame shi. Ya ƙirga kwanakin hutun da ke cikin tsarin tafiyar, domin kamfanin da ya yanke su ya yi wasa da ran baƙon ma. Kamfanin kirki zai amsa waɗannan a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, kuma akwai irinsu da yawa, ciki har da na 'yan Sherpa da kansu. Wanda ya fara kame-kame, a bar shi a nemi wani.