Akwatin kiɗan da na haɗa ya fara sanarwar rasuwa

Jama'a duk wanda ya ce maku haɗa sintesaiza a gida abin nishaɗi ne kawai, to ku fara tambayarsa ko gida ɗaya yake zaune da mahaifiyarsa, sannan ku dawo mu yi magana.

Ga waɗanda ba su san abin ba, sintesaiza na'ura ce da take ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki zalla, ba tsirkiya ba fata ba busawa, wuta ce kawai take kai da komo da sauri lasifika ta mayar da ita ƙara. Wani Ba'amurke Robert Moog shi ya yi suna da ita tun 1964, kuma irin tasa ta asali idan ka juya kuɗinta zuwa naira sai ka rufe wayarka ka yi salati. Shi ya sa ni na nufi ta talakawa, wadda ake ce wa Atari Punk Console, zanen da wani Forrest Mims ya fitar a 1980, ba ta buƙatar komai sai aisi 555 guda biyu, bolum biyu, 'yan rasista da kafasita da batir mai bolt 9. Ita 555 ɗin nan 'yar mitsitsiya ce mai ƙafa takwas, tun 1972 take kasuwa kuma har yau ba ta yi ritaya ba, aikinta kawai ta bar kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, ya cika zuwa kashi biyu cikin uku ta zubar da shi zuwa kashi ɗaya cikin uku ta sake barinsa ya cika, idan ta yi haka sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne kake jin sauti.

Na shiga Sabon Gari da takardata, mai shagon yana ɗebo mini kayan yana tambaya, oga me za ka gyara ne, na ce ba gyara ba ne kiɗa zan haɗa. Ya dube ni ya dubi aisin, ya ce oga kawo rediyon kawai mu duba maka, ba kunya ba ce. Ban tanka masa ba na biya na fito.

Ranar da na zauna aiki an ɗauke wuta tun safe, to sai na koma dabarar masu gyara ta da, na cusa bakin ayon ɗin narka dalma a cikin gawayin kurfotin uwargida tana tsaka da dafa miya. Duk wanda bai taɓa liƙa ƙafar aisi da ayon ɗin gawayi ba bai san haƙuri ba, ka ciro shi baƙi ƙirin ka goge a jikin tsumma ka ruga ɗaki kafin ya huce, ka ɗora dalma ta narke ta dunƙule tana ƙyalli, ƙafa ɗaya ka samu ka liƙa ta biyu sai ka ga dalmar ta tsaya tana kallonka, ka sake komawa kicin. Ƙafa goma sha shida fa, ban da na bolum. Uwargida dai ba ta ce komai ba sai da na ɗauki robar da take zuba wa yara abincin makaranta na huda murfin na ɗaura bolum, nan ne ta ce Abban yara Allah ya sa dai abin nan ya kawo kuɗi.

Da na jona batir abin ya yi wata ƙara kamar akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya, wallahi sai da na ji hawaye na neman zubo mini don murna. Uwargida ta leƙo ta ce wannan shi ne kiɗan ko tukunna ana gwaji ne? Na ce shi ne. Ta ce to madalla. Su kuwa yara sun samu abin yi, don daɗin na'urar shi ne idan ka murɗa bolum sautin ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi daga wannan murya zuwa waccan saboda aisi ta biyu tana tsallake wasu daga cikin bugun da ta farko take aiko mata, to sai ka ji wiii, ƙurrr, tit tit tit, duk a murɗa ɗaya.

Matsalar ɗaya ita ce ƙarar ba ta kai yadda nake so ba, sai na ƙara masa amfilifaya da wata aisin LM386. Ita a yadda take tana ninka sauti sau 20, amma idan ka sa kafasita mai maikoro 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 sai ta koma sau 200, to wa zai ga 200 ya tsaya a 20. Na ɗora amfilifayar da lasifikar a saman kabad ɗin falo inda hannun yara ba zai kai ba, na ja doguwar waya daga can har kan teburin da robar take.

Wani dare bayan kowa ya kwanta sai na ji ana dukan ƙofar ɗakinmu, muryar Hajiya tana cewa kai fito, fito na ce. Na fito na same ta a bakin falo da tocilan a hannu ɗaya carbi a ɗaya tana karanta Ayatul Kursiyyu, ta nuna mini saman kabad da haɓa. Na kasa kunne. Jama'a murya ce ta namiji, ƙasa-ƙasa, a nutse, tana cewa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, za a yi jana'izarsa gobe da safe a ƙofar gidansa. Robar kiɗan a kashe take, ashe ƙaramin yaron ne ya hau kujera da yamma ya kunna amfilifayar ya bar ta. Ni da na haɗa abin da hannuna na san ƙafar kowace aisi, amma a wannan lokacin gwiwoyina ba su san da wannan ilimin ba. Na daure na matsa don kada a ce maigida ya tsaya a bayan mahaifiyarsa, ina kai hannu kan wayar sai muryar ta ɗaga da ƙarfi ta ce ALLAH YA JIƘANSA DA RAHAMA. Kafin na waiga uwargida ta suri jaririya tana tsakar gida ba ko takalmi.

Abin da ya cece mu shi ne ana gama sanarwar sai wata muryar ta shigo da tallan maganin basir, har da lambar waya da kwatancen shago. Na ce Hajiya rediyo ce, aljani ba ya tallan maganin basir. Ta ce kai ka san aljanun yanzu? A daren nan sai da aka yi hayaƙin habbatussauda a falo, aka fitar da roba da lasifika da waya duka aka ajiye a zaure, kuma aka ce idan gari ya waye a kira Kawu ya zo ya yi tofi.

Ni dai kafin Kawu ya iso na kwashi kayan na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titinmu, irin masu tabarau da aka ɗaure da roba da gwangwanayen madara cike da ƙafafun tsofaffin rediyoyi. Na ba shi labari, ya yi dariya har sai da ya kira telan da ke kusa da shi ya ce in sake bayarwa daga farko. Sannan ya ɗaga doguwar wayar nan da yatsa biyu ya ce ɗana wannan ba waya ba ce eriya ce. Ya ce tashar AM mai ƙarfi idan ta samu doguwar waya tsirara za ta hau, ita kuma LM386 a ƙofar shigarta akwai abin da ke tace muryar daga igiyar ko ba ka roƙe ta ba, kai kuma ka buɗe ta har sau 200, kuma da dare AM ta fi tafiya nesa, da ka taɓa wayar kuwa jikinka gaba ɗaya ya zama ƙarin eriya. Na ce Baba to ya za a yi? Ya zazzage gwangwani ya tsinto ɗan kafasita mai kalar ƙasa an rubuta 102 a jikinsa, ya liƙa shi daga ƙafa ta 3 zuwa giraun, wato layin negatif na batir, ya yanke wayata ya sa wata gajera mai raga a ciki da ya cire daga tsohuwar bidiyo, ya ƙara babban kafasita kusa da ƙafa ta 6 inda wuta ke shiga. Ya ce kuma kada in kuskura in jona shi da arahar adafta, in ba haka ba zan sha gurnanin wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa har cikin haƙorana. Da zan tafi ya ce mu sai da muka yi shekaru a gaban maigida kafin mu haɗa rediyo, kai ka haɗa ba ka ma nema ba.

Na dawo gida abin ya yi tsit, sai kukansa na asali. Kawu ya zo ya yi tofinsa duk da haka, ya ci tuwo ya tafi, kuma har yau a wurin Hajiya shi ne ya yi maganin abin ba kafasita ba.

Sai dai ashe a cikin tsoron nan Hajiya ta riƙe sunan mamacin da unguwarsa, kuma wai mijin wata ƙawarta ce da suka yi Islamiyya tare. Ta shirya ta je ta'aziyya ta dawo da yamma tana cewa ba don akwatin nan ba da sai dai ta ji a bakin mutane bayan sadakar bakwai, ita rediyonta batir ya ƙare ba wanda ya kula. Da aka yi isha ta zauna a falo ta ce kunna mini mai maganar. Na ce Hajiya ai an gyara shi. Ta ce wa ya ce ka gyara? Na ce ke kika ce a fitar da shi zaure. Ta ce fitarwa na ce, ban ce a kashe masa murya ba.

Haka na koma na mayar da doguwar wayar na sa makunni a jikin robar, ka tura hagu kafasitan Baba ya shiga layi ka samu sintesaiza, ka tura dama ka samu rediyo mai tasha ɗaya tak da ba a canzawa, wani lokacin cikin dare ma tashoshi biyu ne suke hawa kan juna, wannan yana wa'azi wancan yana labarin ƙwallo. Hagun nan in ba ni da yara ba babu mai taɓa shi, su ma sai Hajiya ta fita unguwa.

Shekaranjiya mai gadin layinmu ya tare ni ya ce Alhaji an ce kana haɗa na'ura, na gyara tsayuwa na fara yi masa bayanin 555 da yadda sautin ke tsalle, ya bari na gama tsaf sannan ya ce a'a shi irin mai maganar yake so ba mai kukan ba, kuma nawa zan rage masa idan shi ya kawo robar.