Shekara huɗu kacal jama'a suka samu a fadar Yarima Eugene

A wani siririn layi mai suna Himmelpfortgasse da ke tsakiyar Vienna, babban birnin Ostiriya, akwai fadar hunturu ta Yarima Eugene na Savoy, shahararren kwamandan sojan Ostiriya. Ginin barok ne, salon nan na Turawan ƙarni na 17 da na 18 mai cika ido da ruwan zinariya da zane a rufin ɗaki. A Oktoban 2013 gidan tarihi na Belvedere ya buɗe manyan ɗakunanta ga kowa. A ƙarshen 2017 aka rufe, ɗakunan suka koma hannun Ma'aikatar Kuɗi. A ganina wannan kuskure ne.

Eugene baƙo ne a Vienna. A Paris aka haife shi a 1663, Sarki Louis na 14 na Faransa ya hana shi muƙami a soja, shi kuwa ya tattara ya koma wajen sarkin gidan Habsburg mai mulkin Ostiriya a 1683, shekarar da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi wa Vienna ƙawanya. Daga nan tauraronsa ya haska: ya ci Turkawa a Zenta a 1697, ya karɓe Belgrade a 1717. Mai zanen gini Fischer von Erlach ne ya fara masa ginin fadar, takwaransa Hildebrandt ya ɗora, ana sayen gidajen maƙwabta ana faɗaɗawa. A cikinta Eugene ya mutu a 1736, bai bar mata ko ɗa ba. 'Yar ɗan'uwansa da ta gaje shi ta shiga sayar da kaya, littattafansa kusan 15,000 suka tafi ɗakin karatun sarki. Sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta sayi ginin a 1752, tun 1848 kuma Ma'aikatar Kuɗi ke zaune ciki.

Masu kare ma'aikatar suna da hujja, ba zan raina ta ba. Ma'aikatar ta fi Eugene kansa daɗewa a gidan, nesa ba kusa ba, kuma gidan da ake aiki cikinsa kullum ba ya zama kango. Vienna ma ba ta rasa gidajen tarihi ba. Belvedere ɗin kanta fadar bazara ce ta wannan yarima.

To amma da kuɗin wa aka yi babban gyaran da ya ɗauki shekaru kafin 2013? Na masu biyan haraji. Wanda ya biya kuɗin gyaran ɗaki bai kamata ya jira katin gayyatar minista kafin ya leƙa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da bangon ke faɗa. A fuskar ginin an sassaƙa Hercules, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, a ciki akwai manyan zanen yaƙe-yaƙen yariman, matakalar bene kuwa gumakan ƙarti ne ke ɗauke da ita a kafaɗa. Duk kirari ne na wanda ya yi nasara. Dukiyar da ta gina wurin ladan yaƙi ce, kuma a yau akwai dubban jikokin Turkawa da Sabiyawa da Bosniyawa da ke zaune a Vienna, 'ya'yansu na makarantun birnin. Gidan tarihi ne kaɗai zai iya tsayar da ɗalibi gaban zanen Zenta ya ba shi labarin ɓangarorin biyu, har da na dubban da suka nutse a kogin Tisza a ranar. Ofishin kasafin kuɗi ba aikinsa ba ne, ba kuma zai yi ba.

Ma'aikata na buƙatar tebura da ɗakin taro, kuma akwai su a ko'ina cikin Vienna. Ɗakin zinariyar Eugene guda ɗaya ne. A mayar wa jama'a da shi.