Ma'aunin Ibn Khaldun da Yadda Muke Karanta Rikicin Ƙasashen Larabawa

Duk lokacin da wuta ta tashi a wata ƙasa ta Larabawa, kafin hayaƙi ya lafa za ka tarar shafukanmu sun cika da sharhi, kowa ya zama masanin Gabas ta Tsakiya, kuma kusan dukkan sharhin bai wuce amsa biyu ba: ko dai a ce faɗan Sunna da Shi'a ne, ko kuma a ce makircin Yahudu da Turawa ne. Ba na musun cewa saɓanin aƙida yana da tasiri, ba na kuma musun cewa manyan ƙasashe suna da hannu dumu-dumu a yankin, tun daga yarjejeniyar sirri da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1916 don rabon ƙasashen Daular Usmaniyya ta Turkiyya, har zuwa mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003. Abin da nake musu shi ne a ce waɗannan amsoshi biyu sun ishi mai neman fahimta. Siyasar Larabawa da tarihin Musulunci fanni ne na ilimi mai ƙa'idoji, ana koyon sa a gaban malamai yadda ake koyon fiƙihu, kuma wanda ya shimfiɗa masa ƙa'idojin alƙalin Malikiyya ne da muke yawan ambaton sunansa ba tare da mun buɗe littafinsa ba.

An haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Mutum ne da ya ga mulki daga ciki, ya kuma ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa. Annobar da ta ratsa duniya a 1348 ta ɗauke iyayensa biyu da malamansa da dama tun yana matashi. Ya yi aiki a fadar Fas da ta Garnaɗa da ta Bijaya, ya sha ɗaurin kusan shekara biyu a Fas bisa zargin haɗa baki, kuma a Masar an yi ta naɗa shi babban alƙalin Malikiyya ana tuɓe shi. A 1401, lokacin da Taimur, sarkin yaƙin nan na tsakiyar Asiya, ya yi wa Dimashƙu ƙawanya, wannan dattijo mai shekara kusan saba'in aka zura da igiya daga saman ganuwa, ya taka zuwa sansanin maharin, ya shafe makonni yana zama da shi, Taimur yana yi masa tambayoyi a kan ƙasashen Magrib, shi kuma yana nazarin Taimur. Muƙaddima kuwa, wato littafin nasa da ya yi a matsayin gabatarwar babban tarihinsa, ya rubuta ta ne a 1377, a wata keɓantacciyar ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama a Aljeriya ta yau, kuma da bakinsa ya ce cikin wata biyar ya kammala rubutun farko.

Tun a shafukan farko ya ɗauko wani labari da Mas'udi da wasu marubuta suka rawaito, cewa mayaƙan Bani Isra'ila da ke tare da Annabi Musa (AS) a sahara, daga ɗan shekara ashirin zuwa sama, sun kai 600,000. Bai tsaya tambayar wa ya faɗa ba, sai ya zauna ya yi lissafi. Ya ce Daular Farisa ta fi Bani Isra'ila faɗin ƙasa da yawan jama'a nesa ba kusa ba, amma rundunar da ta tara don yaƙar Musulmi a Ƙadisiyya ƙarƙashin Rustum 120,000 aka rawaito. Ya ce rundunar da ta kai 600,000 idan ta yi sahu, tsawon sahun zai wuce iyakar ganin ido ninki biyu ko uku, ta yadda ɓangaren dama ba zai san halin da na hagu yake ciki ba. Ya ƙara da cewa tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙubu kakanni huɗu ne kawai, kuma zuriyar mutum ɗaya ba ta yaɗuwa haka cikin wannan taƙi. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da nake ganin ita ce zuciyar littafin: binciken amincin mai ruwaya, wato jarhi da ta'adili, shi ne madogara a labaran shari'a da ke ɗauke da umarni da hani, amma labarin abin da ya faru a duniya sai an fara tambayar ko zai yiwu a ɗabi'ar zaman mutane, idan ba zai yiwu ba to babu amfanin duba wanda ya kawo shi. Da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi, abin da ya sa a gaba shi ne son rai ga wani ra'ayi ko mazhaba, domin zuciya idan ta riga ta karkata, labarin da ya dace da karkatarta karɓa take yi nan take. Sai yarda da masu ruwaya fiye da kima, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo.

Mu ɗora Yaman a kan wannan ma'auni. Tun da 'yan Husi suka kama birnin San'a a Satumbar 2014, Saudiyya da ƙawayenta suka fara luguden wuta a Maris na 2015, an shaida mana cewa tsohuwar gabar Sunna da Shi'a ce ta sake tashi. To amma a Satumbar 1962 sojoji ƙarƙashin Abdullahi Sallal sun kifar da Imam Muhammad al-Badr, wanda Bazaide ne, wato daga reshen Shi'ar da 'yan Husi suka fito, kuma a yaƙin basasar da ya biyo baya har zuwa 1970, Saudiyya ce ta tsaya wa Imamin da kuɗi da makamai, ita kuwa Masar ta Jamal Abdul Nasir, ƙasar Azhar, ta tura dubun-dubatar sojoji don su yaƙe shi. Abin da Riyad take tsoro a wancan lokaci shi ne jamhuriyar sojoji masu kifar da sarauta ta kafu a bayan gidanta, don haka aƙidar Imamin ba ta hana ta rungumarsa ba. Shi ma Ali Abdullahi Saleh Bazaide ne ta wajen haihuwa, ya yaƙi 'yan Husi sau shida tsakanin 2004 da 2010, daga baya ya haɗa kai da su, sannan suka kashe shi a Disambar 2017. Wanda ya ce aƙida ce kaɗai ke jan wannan yaƙi, sai ya gaya mana aƙidar wa ta sauya a tsakanin waɗannan shekaru. Ibn Khaldun da zai fara tambaya ne a kan asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan dangi da ƙabila da ke sa mutane su mutu don juna: waɗanne ƙabilu ne a tsaunukan Sa'ada, wa ke biyan shehunansu, wa ke riƙe da tashar jiragen ruwa ta Hudaida. Ai shi ne ya ce kiran addini ma ba ya tsayawa sai da asabiyya a bayansa.

Sudan ta fi kusa da mu, don akwai 'yan'uwanmu Hausawa masu yawa a can. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin Janar Burhan, shugaban sojojin ƙasar, da Hamidati, jagoran dakarun RSF, ba shi da ko ƙamshin saɓanin mazhaba. Mutanen biyu tare suka yi juyin mulkin Oktoban 2021, kuma daga cikin abin da ya raba su har da taƙaddama a kan shekara nawa za a ɗauka kafin a narkar da dakarun Hamidati cikin rundunar soja, biyu ko goma, ga kuma zinariyar Darfur a gefe. Da yake labarin bai shiga ko ɗaya daga cikin amsoshinmu biyu ba, sai masu sharhinmu da yawa suka yi gum.

Irin wannan sakaci muke yi wa tarihin kimiyya, sai dai a nan alfahari ne yake rufe mana ido. Labarin da muka haddace shi ne Musulmi sun haskaka duniya daga Bagadaza, sai Hulaku, sarkin Mongol, ya zo a 1258 ya zuba littattafai a kogin Dijla, daga nan fitila ta mutu. Bala'in Bagadaza gaskiya ne, amma a duba adadin mamatan kawai: Hulaku da kansa, a wasiƙar da ya aika wa sarkin Faransa a 1262, sama da 200,000 ya ambata, marubutan baya kuwa suka kai shi 800,000, wasu har miliyan biyu. Wani abin mamaki, shi kansa Ibn Khaldun adadin da ya haura miliyan ɗaya ya rubuta, ya manta da lissafin da ya yi wa Mas'udi. Batun mutuwar fitila kuma, shekara ɗaya bayan faɗuwar birnin, a 1259, Nasiruddin Ɗusi ya fara gina cibiyar nazarin taurari a Maraga, da kuɗin shi wannan Hulakun. Ibn Nafis, wanda ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya isa na hagu, a 1288 ya rasu a Alƙahira. Ibn Shaɗir, mai lissafin lokutan salla a babban masallacin Banu Umayya na Dimashƙu, wanda ya rasu a 1375, ya tsara lissafin tafiyar wata da ya zo daidai da wanda masanin taurari Kofanikas ya buga a Turai a 1543. Dukkan waɗannan malamai sun ci gaba da aikinsu bayan 1258.

Ta yaya aka san haka? Wani ɗalibin likitanci ɗan Masar, Muhyiddin Taɗawi, shi ya ci karo da rubutun Ibn Nafis a wani ɗakin karatu na Balin a 1924. Daidaiton lissafin Ibn Shaɗir da na Kofanikas kuwa, a 1957 masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut suka fito da shi. Mutane ne da suka iya Larabci suka kuma iya lissafi, suka zauna a gaban tsofaffin takardu shekara da shekaru. Mu ma muna da namu da ke jiran irin wannan zama. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan ƙa'idojin cika hatimi mai gidaje mara, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mu hatimi muke gani, masana tarihin lissafi kuwa lissafi suke gani.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: da yawa daga cikin Turawan da suka yi nazarin Gabas ba don Allah suka yi ba. Haka ne. Faransawa sun fassara Muƙaddima tsakanin 1862 da 1868, suna tsakiyar mulkin Aljeriya, kuma marubutansu na mulkin mallaka sun tsinci kalaman Ibn Khaldun masu zafi a kan Larabawan ƙauye suka yi amfani da su wajen raba Balarabe da Babarbaren Magrib, wato Ba'amazige. Sai dai wanda zai kama su da wannan laifi dole ne ya karanta asalin Larabcin, ya san wa malamin yake nufi da Larabawa a wannan babi da wancan, ya kuma san siyasar Faransa ta wancan ƙarni. A nan ne nake ganin raunin tsarin karatunmu. Ɗalibin sashen Larabci ya iya nahawu da balaga, amma da wuya a koya masa tattalin arzikin man fetur ko yadda ake auna hujjar tarihi. Ɗalibin kimiyyar siyasa ya san ra'ayoyin masanan Turai, amma ba zai iya karanta jaridar Alƙahira ko ta Khartum ba, sai abin da aka fassara masa. Ba a kan haka magabatanmu na kusa suka bar mu ba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, da Murray Last da ya zauna a gaban Waziri Junaidu yana karanta takardun Sakkwato, sun sake rubuta tarihin wannan ƙasa ne domin sun haɗa Larabci da tuhumar hujja a hannu ɗaya.

Tuhumar hujja ba ta tsallake kowa, har da shi mai ma'aunin. A Muƙaddima akwai maganganu a kan baƙar fata da ba za su yi wa Bahaushe daɗin karantawa ba. Ya yi daidai inda ya ƙaryata masu cewa baƙin fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce wannan tatsuniyar masu ba da labari ce, zafin rana ne sanadi. Amma da wannan zafin ranar ya kafa hujjar cewa mutanenmu masu rawar kai ne da son rawa, a wani wurin ma ya ce galibinsu masu saurin miƙa wuya ga bauta ne. Bai taɓa tsallako Sahara ba, abin da magabata suka rubuta a kan yankunan duniya bakwai ya ɗauka ya yarda da shi. Hujjar da ke rushe wannan magana kuwa tana cikin babban littafinsa na tarihi, al-Ibar, inda ya jero sarakunan Mali tun daga Mari Jata har bayan Mansa Musa da hajjinsa na 1324, yana bayyana yadda sarauta ta riƙa sauya hannu, wa ya faɗaɗa ƙasa, wa ya ɓarnatar da baitulmali. Daga cikin waɗanda suka ba shi labarin har da Shaihu Usman, wani malamin fiƙihu na mutanen tsohuwar Gana da ya haɗu da shi a Alƙahira a 1394, kuma masu binciken tarihin Afirka ta Yamma har yau a kan wannan jerin sarakuna suke dogara. Ɗalibin da zai ɗauko babin yankunan duniya daga Muƙaddima da babin Mali daga al-Ibar, ya jera su a Larabcinsu, ya bi diddigin inda malamin ya samo kowanne, ya riga ya sami abin rubuta kundin digiri na biyu.