Don ka daina ganin fuskarsa ba shi ke nufin tauraronsa ya dushe ba

Jama'a akwai maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya, da zarar yaron da ya yi tashe a talabijin ya girma an daina ganinsa sai ka ji ana cewa ai wane ya ɓace, an daina yayinsa. Alhali da yawansu suna nan suna aikinsu, kunne ne kawai bai gane su ba.

Ku ɗauki Ashley Johnson ta Amurka. Tun 1990 tana ƴar ƙarama take fitowa a shirin Growing Pains, daga baya ta karkata ga aikin murya, wato sa murya a katun da wasannin bidiyo, ita ce ta yi Ellie a wasan bidiyon The Last of Us na 2013, kuma sau biyu tana cin kyautar BAFTA, wata babbar lambar yabo ta Birtaniya, da wannan rawar. Wannan ce za a ce ta dushe? Haka Will Friedle na shirin talabijin ɗin Boy Meets World, shi da bakinsa ya faɗa cewa ciwon fargaba ne ya hana shi sakat a gaban kyamara, sai ya samu natsuwa a aikin murya, ya yi muryar jarumin katun ɗin Batman Beyond, ya yi Ron a katun ɗin Kim Possible.

Kuma fa kar wani ya ce aikin sauƙi gare shi. A gaban kyamara yaro yana da ido, yana da murmushi, wani lokacin ma kyan fuskar kawai ke cetonsa. A sutudiyo kuwa ɗan ɗaki ne, ga makirufo ga takarda a gabanka, darakta yana bayan gilashi yana ce maka sake, sau da yawa ba ka ma ganin wanda kake yi wa magana, kuma dole kukan ya fito kuka, tsoron ya fito tsoro, har numfashin da kake ja sai ya yi daidai da wanda ya sha gudu, in ka yi ƙarya nan take za a ji.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Jeremy Shada. Yana ɗan shekara 12 ko 13 ya fara muryar Finn a katun ɗin Adventure Time a 2010, can muryarsa ta fara buɗewa kamar ta kowane saurayi. A al'ada nan ake sallamar yaro a nemo wani, shi ya sa ma ake ba manyan mata muryar yara maza, kamar Nancy Cartwright da take yin Bart Simpson, yaron da ke katun ɗin The Simpsons. Amma shi sai aka ƙyale shi, Finn ɗin ya dinga girma tare da shi har shirin ya ƙare a 2018. Wallahi wannan mutunta yaro ne.

Damuwata yanzu ita ce ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon muryar mutum. A kanta masu muryar wasannin bidiyo na SAG-AFTRA, ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ta Amurka, suka shiga yajin aiki a Yulin 2024, kuma ina bayansu ɗari bisa ɗari, don yaron da aka naɗi muryarsa tun yana ƙarami ba shi ya sa hannu a kwantiragin ba, iyayensa ne.