Buge Whyte a turmin farko bai mai da Itauma maganin Usyk ba

Tun daren 16 ga Agustan 2025, da Moses Itauma ya gama da Dillian Whyte a Riyad kafin a kai ƙarshen turmin farko, wata magana ta kama bakin masu bin damben zamani ta ƙi saki: wai an samu yaron da zai ƙwace kambun ajin masu nauyi na duniya daga hannun Oleksandr Usyk. Wasu har sun yanke turmin da za a yi bugun kwaf ɗaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne, masu wannan magana su ne dai waɗanda wata guda kafin nan suka rantse cewa Daniel Dubois zai yi wannan aiki. Sun kalli yadda Usyk ya shimfiɗe shi a filin wasa na Wembley da ke Landan a turmi na 5, kuma ba su tsaya sun tambayi kansu inda lissafi ya karkace ba. Sunan ɗan damben kawai suka canza, lissafin yana nan yadda yake.

Lissafin kuwa shi ne: wane ya buge wane, wanen kuma ya taɓa buge wane, saboda haka na farkon zai buge na ƙarshen. Dubois ya kwantar da Anthony Joshua a turmi na 5 a Satumban 2024, Usyk kuwa ya yi turmi 24 da Joshua a karawa biyu bai kai shi ƙasa ba ko sau ɗaya, to ai Dubois ya fi Usyk hannu, magana ta ƙare. Haka aka yi ta faɗa, har ana mantawa da cewa Usyk ya riga ya tsayar da Dubois ɗin a turmi na 9 a ƙasar Poland a 2023. An yi irin wannan da Francis Ngannou. Ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na 3 a Oktoban 2023, Joshua ya gama da shi a turmi na 2 a watan Maris na 2024, nan take aka ce ba sai Joshua da Fury sun haɗu ba, an san sakamako.

Wannan lissafi ya mutu tun shekara hamsin da suka wuce, kuma duk mai kiran kansa masanin dambe ya kamata ya san ranar da aka binne shi. Joe Frazier ya yi nasara kan Muhammad Ali a 1971. George Foreman ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika a Janairun 1973. Ken Norton, wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi, shi ma turmi biyu ya yi a gaban Foreman. Bisa wancan lissafi, Ali bai da abin da zai je nema a Kinshasa ranar 30 ga Oktoban 1974. Sai ga shi ya kwantar da Foreman a turmi na 8. Dalilin a fili yake ga mai kallon salo. Frazier yana shigowa ne a duƙe, kai a gaba, yana neman ya manne da ƙirjin abokin karawa, wato yana kawo haɓarsa daidai inda naushin Foreman mai tasowa daga ƙasa ke jira. Ali kuwa dogo ne, ya jingina da igiya ya karkatar da kai baya, ya bar Foreman yana zuba ƙarfinsa a kan damatsa da haƙarƙari, yana kama masa wuya yana danna shi, yana sako masa dama kai tsaye a fuska, har numfashin Foreman ya ƙare. Hannu ɗaya ne, amma abin da ya yi wa mai shigowa a duƙe bai iya yi wa mai jingina da igiya ba.

Mu duba abin da ya faru da Joshua da Dubois da kyau, domin a nan aka gina duk tatsuniyar. Dubois ya kama shi da dama mai zuwa ta sama a ƙarshen turmin farko, lokacin da Joshua ke ja da baya a miƙe, hannun hagu a ƙasa. A turmi na 5 Joshua ya girgiza shi, ya yi gaggawar gamawa, ya sako naushi daga ƙasa daga nesa, haɓa a buɗe, sai Dubois ya riga shi da gajeriyar dama. Kuskuren tazara ne da kuskuren gaggawa. Usyk ba ya ja da baya a miƙe, kuma ba ya tsayawa a gaban mutum bayan ya yi bugu. Wanda ya ɗauki sakamakon wancan dare ya ɗora a kan Usyk bai kalli yadda aka yi bugun ba, faɗuwar kawai ya gani a bidiyon daƙiƙa goma.

Abin da ke ba Usyk nasara a ƙafa yake. Bahago ne, ƙafar dama ce a gaba. Idan ya haɗu da mai tsayuwar dama, yaƙin farko shi ne wa zai sa ƙafarsa ta gaba a wajen ta ɗan'uwansa. Usyk yana samun wannan wuri sau da yawa, sai hagunsa ta sami layi miƙaƙƙe zuwa ciki ko haɓa, ita kuwa damar abokin karawa ta zama sai ta yi zagaye kafin ta iso. Hannunsa na gaba ba ya hutawa, yana taɓa safar abokin karawa, yana yaudara, yana tilasta masa ya riƙa gyara tsayuwa. Mutum mai kilo 115 ko 120 da aka sa ya riƙa juyawa yana sake kafa ƙafa kowace daƙiƙa biyu, tsawon minti uku, hutun minti ɗaya ba ya isarsa. Shi ya sa a karawa ta biyu da Joshua a Jidda, bayan Joshua ya matsa masa a turmi na 9, Usyk ne ya dawo ya mamaye na 10 zuwa na 12.

Masu cewa girman jiki ne ke yanke hukunci a ajin masu nauyi ba su cancanci doguwar amsa ba: Fury ya fi Usyk kusan kilo 18 a karawarsu ta farko a Mayun 2024, ya ƙara nauyi a ta biyu a Disamba, kuma a karawa ta biyun duk alƙalan uku 116 da 112 suka rubuta wa Usyk. Masu kafa hujja da shekaru su ma sun yi ta a kan Dubois, mai 27 a gaban mai 38.

Akwai kuma abin da yawancin masu hasashen nan ba sa sakawa a lissafi ko kaɗan, wato yadda ake ba da maki. Alƙalai uku ne a gefen fage, kowane turmi ana hukunta shi shi kaɗai. Wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan 9, idan an kai mutum ƙasa yawanci ya koma 8. A karawar farko da Fury, alƙali ɗaya ya ba Usyk 115 da 112, ɗaya ya ba Fury 114 da 113, na uku ya ba Usyk 114 da 113. Wannan kati na uku yana nufin turmi shida-shida ne, makin da Fury ya rasa da aka yi masa ƙirgen faɗuwa a turmi na 9 ne ya raba gardama. Ba don shi ba da canjaras za a tashi. Dambe tsakanin manya a irin wannan siririyar tazara ake cin sa, amma mai hasashe zai zauna ya ce maka wane zai kashe wane a turmi na 3, ko sunan alƙalan bai tambaya ba, bai san ko masu son mai matsawa gaba ba ne ko masu son mai bugu mai tsafta.

Ba na raina Itauma, kuma ba na so a fahimce ni haka. Yaron, wanda aka haifa a Slobakiya, mahaifinsa ɗan Nijeriya, yana da saurin hannun da ba kasafai ake gani a wannan aji ba, yana haɗa naushi uku huɗu ba tare da ya rasa tsayuwa ba. Amma Whyte da ya buge yana da shekara 37 a lokacin, kuma Alexander Povetkin da Fury da Joshua duk sun riga sun kwantar da shi. Har zuwa wannan dare Itauma bai taɓa wuce turmi shida a damben kuɗi ba. Ba wanda ya ga yadda yake numfashi a turmi na 9, ko abin da yake yi idan gira ta tsage jini na shiga ido, ko idan ya sako mafi kyawun bugunsa mutum ya tsaya yana kallonsa. Waɗannan su ne tambayoyin da suka tona asirin Deontay Wilder, wanda ya kwantar da kusan duk wanda ya tsaya gabansa, har Fury ya tura shi baya a 2020 aka ga bai iya dambe yana ja da baya ba. Sannan Itauma shi ma bahago ne. Idan ya haɗu da Usyk, ƙafafun gaba ba za su yi karo ba, yaƙin ƙafar waje da na bayyana zai ɓace, a koma gasar naushin hannun gaba da ta wanda ya fi iya karanta lokaci. Wannan ita ce tambaya mai daɗin tattaunawa, kuma ban ji masu ihun nan sun taɓo ta ba, domin da yawansu ba su ma lura da wace ƙafa yaron ke sawa a gaba ba.

Wannan hayaniya ba a baki take tsayawa ba, shi ya sa take damuna. Masu shirya dambe suna sauraron inda ihu ya fi yawa, nan kuɗin tikiti da na talabijin suke. Idan magoya baya suka dage sai an haɗa matashi kamar Itauma da gwanin da ya haɗe kambu huɗu a aji biyu, za a haɗa su, kuma idan aka yi masa dukan turmi goma sha biyu kafin ƙashinsa ya yi ƙwari, su ɗin ne za su fara cewa dama can kurari ne. Lalata matashi irin wannan da gaggawa zalunci ne, kuma masu yin sa ba su ne za su sha naushin ba.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. A ba Itauma mutum biyu ko uku masu taurin haɓa da za su kai shi turmi goma, a haɗa shi da bahago ɗaya mai motsi, sannan a dawo a yi maganar Usyk. Masu hasashe kuma su riƙa kallon karawa daga ƙararrawar farko zuwa ta ƙarshe, da biro da takarda, suna rubuta makin kowane turmi kafin a sanar da na alƙalai.